Ma'auni ya ce 42, tauraron ɗan adam ya ce 17: wanne ya yi ƙarya?

Wani malamin gona da ke kula da ma'aunin ruwan sama a ƙauyensu ya aiko da tambaya. Ya ce wata safiya a watan Yuli ya karanta milimita 42 a ma'auninsa, amma da ya duba taswirar ruwan da ake haɗawa daga tauraron ɗan adam sai ya ga milimita 17 kawai aka rubuta wa wurin. Bayan kwana uku kuma taswirar ta nuna milimita 6 alhali ko ɗigo bai sauka ba. Yana son ya san wanne ne ke ƙarya, kuma ko za a iya dogara da tauraro wajen ba manoma shawarar shuka.

Malam, mai yiwuwa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Bakin mazurarin ma'auni irin wanda aka fi yawan gani faɗinsa murabba'in santimita 200 ne, wato bai wuce faifai ƙarami ba. Shi kuwa tauraro raba ƙasa yake yi gida-gida kamar gidajen dara, ya ba kowane gida adadi ɗaya tak. A tsarin ƙiyasta ruwan sama da ake kira IMERG, na hukumar NASA ta Amurka, kowane gida kusan kilomita 11 ne tsawo da faɗi, kimanin murabba'in kilomita 120. In ka raba wannan fili da bakin mazurarinka za ka samu kusan biliyan shida. Don haka milimita 17 ɗin nan matsakaicin gidan ne gaba ɗaya, har da gonakin da ruwan ya tsallake, milimita 42 ɗinka kuwa labarin wuri ɗaya ne a cikinsa. Duka biyun suna iya zama daidai a dare guda.

Wannan ya fi tsanani a ƙasarmu saboda irin ruwan da muke samu. Mafi yawan ruwan damina a yankin Sahel, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, daga manyan hadura yake zuwa, waɗanda ke haɗuwa a gabas su nausa yamma da gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa, holoƙo a gaba, ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsakiya, sannan yayyafi mai tsawo a baya. Wurin da ruwan ke zuba da ƙarfi a cikin hadarin sau da yawa bai wuce 'yan kilomitoci ba. Kowane manomi ya san ana iya yin ruwan shuka a wannan gefen gari ɗaya gefen kuma ƙura na tashi. An tabbatar da haka da awo a kewayen Yamai, inda tun 1990 masu bincike na Nijar da Faransa suka kafa ma'aunai kusan ɗari a shirin EPSAT, aikin da ya ci gaba daga baya da sunan AMMA-CATCH. A can an ga bambancin da ya haura milimita 200 a jimillar damina ɗaya tsakanin ma'aunai biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, a yankin da ruwan shekara gaba ɗaya bai fi 550 zuwa 600 ba. To idan ma'auni da ma'auni sun saɓa haka, ba za a nemi tauraro ya dace da ma'auni ɗaya kwabo da kwabo ba.

Amma kada a wanke tauraro tas, yana da nasa laifin, kuma laifin daga yadda yake aiki ne. Tauraro ba ya ganin ruwan da ya taɓa ƙasa. Gajimare yake gani, sai a yi lissafi a ƙiyasta ruwan.

Hanya ta farko ita ce ta taurarin Meteosat na Turai, waɗanda ke tsaye a sama da Afirka a nisan kusan kilomita 36,000, suna ɗaukar hoto kowane minti 15, sabon samfurin kuma kowane minti 10. Abin da suke aunawa shi ne sanyin saman gajimare. Dalilin shi ne gajimaren da ya yi tsawo ya fi sanyi a samansa, kuma dogon gajimare shi ne mai tsawa da ruwa. Sai a sa iyaka, misali digiri 38 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, a ƙirga awa nawa saman gajimare ya yi yana ƙasa da wannan iyakar a kan kowane gida, a mai da awannin milimita ta hanyar kwatanta su da tsofaffin bayanan ma'aunai. A kan haka aka gina TAMSAT na Jami'ar Reading da ke Ingila, mai bayanai tun 1983 da gidaje na kusan kilomita 4, da CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, mai bayanai tun 1981 da gidaje na kusan kilomita 5. Raunin hanyar a fili yake. Babban hadari yana shimfiɗa wani farin gajimare mai sanyi ƙwarai a samansa, kamar rumfa, wanda ya fi wurin da ruwa ke zuba faɗi nesa ba kusa ba. Duk gidan da rumfar ta rufe sai a rubuta masa ɗan ruwa. Ina kyautata zaton nan milimita 6 ɗinka na ranar da ba a yi ruwa ba ya fito: hadari ya wuce ta kudu ko arewa da ku, rumfarsa ta rufe ku. Kuma tsawon lokacin sanyi ba ya faɗin ƙarfin ruwa. Hadarin da ya juye milimita 60 cikin minti arba'in da wanda ya yi yayyafin milimita 15 cikin awa uku, wannan hanyar tana iya ba na biyun adadi mafi yawa. Shi ya sa waɗannan tsare-tsaren suka yi ƙaurin suna wajen yawaita kwanakin ruwa da rage girman babban ruwa. Suna baza ruwan, jimillar ta fito kusa da daidai amma rabon ya karkace.

Hanya ta biyu ta taurarin da ke kewaya duniya ƙasa-ƙasa ce, a nisan kilomita ɗari huɗu zuwa ɗari takwas, masu na'urar da ke karɓar igiyar maikurowef, wato wani nau'in igiyar rediyo da ke tasowa daga ƙasa da gajimare. Babbansu shi ne GPM da NASA da hukumar sararin samaniyar Japan suka harba a Fabrairun 2014, wanda ya gaji TRMM da ya yi aiki daga 1997 zuwa 2015, kuma yana ɗauke da na'urar rada, mai aika igiyar rediyo ta karɓi wadda ta dawo, da ke leƙa cikin gajimare. Waɗannan sun fi kusa da ainihin ruwa. Sai dai a kan tudu, saɓanin teku, abin da suka fi iya ganewa shi ne ƙanƙarar da ke saman hadari, daga ita suke ƙiyasta abin da zai zubo. Kuma ba kullum suke sama da kai ba. Ko an haɗa dukkansu, sai a yi kamar awa uku kafin wani ya sake ratsa wuri ɗaya, hadarin da ke gudun kilomita 50 a awa kuwa ya yi nisan kilomita 150 kafin nan. IMERG yana cike giɓin ne ta hanyar tura hoton ƙarshe gaba bisa tafiyar iska, yana haɗawa da hotunan sanyin gajimare, har ya fitar da adadi kowane rabin awa. Adadin da ke tsakanin wucewa biyu ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. A farkon damina, Mayu da Yuni, iskar da ke ƙarƙashin gajimare a arewacin Najeriya da kudancin Nijar busasshiya ce mai zafi. Ruwa na barin gajimare amma wani ɓangarensa ya ƙafe kafin ya iso ƙasa. Za ka hango shi yana saukowa kamar gezar doki ya ɓace a iska. Tauraro ya ga ƙanƙara da ruwa a sama ya rubuta, ma'auni ya wayi gari a bushe. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gwaje-gwajen da aka yi da ma'aunan Yamai suka nuna cewa ƙiyasin gaggawa masu dogaro da maikurowef, waɗanda ba a gyara su da ma'auni ba, suna wuce gona da iri a Sahel, suna ba da ruwa fiye da wanda ya sauka da rata mai yawa. Abin takaicin shi ne kuskuren ya fi yawa a daidai lokacin da manomi ya fi buƙatar gaskiya, lokacin yanke shawarar zuba iri. A kudu kuma akasin haka ake samu. A gaɓar teku ta Gini, da jikin duwatsu irin Dutsen Kamaru, ana samun ruwa mai yawa daga gajimare gajere wanda samansa bai yi sanyi ba kuma babu ƙanƙara a cikinsa, sai tauraro ya raina shi. Debunsha da ke gindin dutsen tana samun kusan milimita 10,000 a shekara, kuma ƙiyasin tauraro yakan gaza nesa da haka.

Wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba: Meteosat a karkace yake kallon Kano ko Maraɗi, ba daga tsaye ba. Gajimare mai tsawon kilomita 15 zai bayyana ya goce da kilomita huɗu zuwa biyar daga inda yake a zahiri. Wannan gida ɗaya ne cif a CHIRPS ko TAMSAT.

To yaya dacewar take idan aka auna? Ta dogara da faɗin wuri da tsawon lokaci. Ana amfani da wani lissafi da ke nuna yadda adadi biyu ke hawa da sauka tare, inda 1 ke nufin dacewa cif, sifili kuma babu alaƙa. A binciken da ake yi a Afirka ta Yamma, idan aka haɗa ma'auni ɗaya da gida ɗaya rana-rana, yawanci ana samun tsakanin 0.3 da 0.6, wanda bai taka kara ya karya ba. In aka tara kwana goma-goma, kamar yadda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitar da rahotannin damina, sai ya hau zuwa 0.7 ko sama. A wata-wata yakan wuce 0.8. Haka kuma in ka haɗa ma'aunai da yawa ka kwatanta matsakaicinsu da matsakaicin gidaje da yawa, dacewar na ƙaruwa. Dalilin mai sauƙi ne, kuskuren yau na ƙari yana cinye na gobe na ragi. Sai dai a yi hattara da babban adadi na wata-wata, domin wani ɓangarensa na banza ne. Kowa ya san Agusta ta fi Janairu ruwa, kuma tsarin da ya san wannan kawai zai ci maki mai yawa. Gwaji na gaske shi ne a kwatanta Agustar bana da Agustocin baya, a ga ko tauraro ya gane shekarar fari daga shekarar marka.

Kafin ka ɗora wa tauraro laifi, duba ma'auninka, domin shi ma ba alƙali ba ne marar kuskure. Nisansa da kowace bishiya ko gini ya kai aƙalla ninki biyu na tsawon abin, ninki huɗu ya fi. Darbejiyar da aka dasa kusa da shi shekara biyar da suka wuce yanzu ta zama laima. Bakinsa ya zauna daidai ba a karkace ba. Iska mai ƙarfi tana kaɗa ɗigon ruwa ya tsallake mazurari, yawanci asarar kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, kuma ruwanmu da iska yake zuwa. Ruwan yamma da aka bari sai gobe da hantsi a ma'aunin roba mai buɗaɗɗen baki yana ƙafewa. Ma'auni mai sarrafa kansa, irin mai ɗan cokali biyu da ke kifewa duk milimita 0.2 ko 0.5, yana rage ƙirga idan ruwa ya yi ƙarfi saboda wani yana zuba yayin da cokalin ke juyawa, kuma ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da gidan zanzaro suna toshe shi. A wanke shi kafin ruwan farko, a gwada shi ta hanyar ɗiga masa ruwan da aka auna a hankali. A mazurari mai murabba'in santimita 200, mililita 200 daidai yake da milimita 10.

Kuskuren littafi ya fi na ƙarfe yawa. Ranar da mai karatu bai zo ba a rubuta alamar babu awo, kada a rubuta sifili. Ruwan Juma'a da Asabar da aka karanta tare ranar Lahadi a nuna cewa tari ne. Sai kuma batun da ya fi ɓata kwatance, wato iyakar rana. Ruwan da ka karanta da safe na awa 24 da suka wuce ne, kuma ƙa'ida ita ce a rubuta shi a ranar jiya, amma da yawa suna rubuta shi a ranar da suka karanta. Ranar IMERG tana farawa ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar. Ta TAMSAT tana farawa ƙarfe 6 na safe agogon GMT. Ruwanmu kuwa mai son dare ne, a Yamai ma ya fi sauka tsakanin tsakar dare da asuba. Hadarin da ya fara ƙarfe 11 na dare ya ɗauke ƙarfe 3, IMERG zai raba shi kwana biyu, kai kuma ka rubuta shi a rana ɗaya. Duba ranar da ke gaba da wadda ke bayan 17 ɗin nan, kada ka yi mamaki in ka tarar da sauran ruwanka a can.

In kana son ka gwada da kanka yadda ya kamata, ka fara da ɗaukar lambobin GPS na wurin ma'aunin da wayarka kana tsaye a gefensa, zuwa lamba huɗu bayan ɗigo, kada ka ɗauki na tsakiyar gari. Ka tara aƙalla damina uku, biyar sun fi. Daga IMERG ka sauke na rabin awa ka tara su daidai da lokacin karatunka. Ka ciro gidan da ma'aunin ke ciki, da kuma matsakaicin gidaje tara, wato shi da takwas ɗin da ke kewaye da shi, ka gwada duka biyun. Sannan ka raba tambayar kashi biyu. Na farko, shin ya gane an yi ruwa? Sa iyakar milimita 1 ka ƙirga. A ce cikin damina ma'auni ya nuna kwanakin ruwa 50, tauraro ya kama 40 daga ciki, ya kuma ƙara wasu 25 da ba a yi ba. Ya kama kashi 80 cikin ɗari ke nan, amma cikin kwana 65 da ya ce an yi ruwa, 25 ƙarya ne, kusan kashi 38. Na biyu, nawa ya ce an yi? Raba jimillarsa da ta ma'auni, wata-wata, domin karkatar Yuni ba ita ce ta Agusta ba. Ka ware kwanakin da suka haura milimita 30 ka duba su daban, a nan ne za ka ga ragin da nake faɗa. Idan ka ga karkata mai ɗorewa, misali kullum yana ƙara kashi 20 a Yuni, kana iya gyarawa da wannan rabon, amma ka ciro rabon daga wasu shekaru ka gwada shi a kan wasu daban.

Akwai tarko a nan. CHIRPS yana cuɗa bayanan tashoshin ƙasa cikin ƙiyasinsa, IMERG na ƙarshe kuma ana daidaita shi da jimillar wata ta ma'aunan da cibiyar GPCC ta Jamus ke tarawa. Idan ka gwada su da tashar filin jirgin Kano ko ta Yamai, waɗanda ke aika bayanansu duniya, kana iya zama kamar mai tambayar ɗalibi amsar da aka riga aka raɗa masa. Ma'aunin ƙauye irin naka, wanda bai shiga ko'ina ba, shi ne gwaji mai daraja. Ka kuma san wane fitowa kake dubawa. IMERG yana fita sau uku, na gaggawa bayan kimanin awa 4, na biyu bayan awa 14, na ƙarshe bayan kusan wata uku da rabi. Abin da ke wayarka washegari na gaggawa ne wanda ba a daidaita shi da awon ma'aunai na watan ba, yabon da kake karantawa a rahotanni kuwa galibi na ƙarshen ake yi wa.

Game da shawarar shuka, a ganina kada ka dogara da tauraro shi kaɗai. Ƙa'idar fara damina da Sivakumar ya fitar a 1988 yana aiki da cibiyar ICRISAT ta Sadore a Nijar ta ce bayan 1 ga Mayu a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Duba yadda raunin tauraro ke cin wannan ƙa'ida ta fuska biyu. Ruwan da ya ƙafe a iska yana iya cika masa 20 ɗin da wuri, ƙananan ruwan ƙarya na milimita biyu-uku kuma suna katse kwanakin fari, sai ya nuna ba a yi tsaiko ba alhali gero na ƙonewa. Ɗaga iyakar ranar ruwa zuwa milimita 3 ko 5 a bayanan tauraro yana rage wannan, bai kawar da shi ba. A gonar mutum ɗaya, ma'auninka da tona ƙasa a ga inda laima ta kai sun fi kowace taswira. Haka ma lissafin girman magudana ko kwalbati, wanda ke buƙatar ruwa mafi ƙarfi na awa ɗaya, CHIRPS da TAMSAT ba su dace da shi ba.

Inda tauraro ba shi da na biyu shi ne faɗi. Hukumar yanayi ta duniya ta ba da shawarar aƙalla ma'auni ɗaya a kowane murabba'in kilomita 575 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma yawancin yankunanmu ba su kai ko kusa ba. An taɓa lissafa cewa in aka jera bakin dukkan ma'aunan da ke aika bayanai a duniya wuri ɗaya, ba za su cika rabin filin ƙwallo ba. Don sanin wace ƙaramar hukuma ce ruwa ya yi wa ƙaranci a kwana talatin da suka wuce in aka kwatanta da shekarun baya, ko nawa ya zuba a dukkan yankin da ke malala cikin kogin Haɗeja, ko ina ne ciyawa za ta yi ƙaranci ga makiyaya, CHIRPS da TAMSAT masu tarihin shekara arba'in suna aiki sosai, shi ya sa masu gargaɗin yunwa na FEWS NET suke amfani da CHIRPS. Inshorar noma mai biyan diyya bisa ƙiyasin tauraro tana tsakiya: tana da ma'ana ga ƙungiya ko yanki, amma manomi ɗaya yana iya rasa amfanin gonarsa gidan da yake ciki kuma ya nuna ruwa ya wadata, don haka a bayyana masa wannan kafin ya biya. Idan akwai hali, ka nemi a ƙara ma'aunai biyu ko uku a ƙauyukan da ke cikin gida ɗaya da naka, ko da na roba ne masu arha, a riƙa karanta su lokaci guda, sannan ka kwatanta matsakaicinsu da tauraron a kwana goma-goma.